Tambayi Bakanike: Baƙin Mai, Man Giya, Man Birki da Ruwan Lagireto

Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abubuwan da ake ɗura wa mota ne, ban da fetur. Mun haɗe masu kama da juna, mun rage tsawon wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi Corolla ƙirar 2007, 'yar Amurka. A kan murfin da ake zuba baƙin mai an rubuta 5W-30, amma mai juyen unguwarmu ya ce wannan man ƙasar sanyi ne, zafin Kano tsinka shi zai yi, gara in zuba 20W-50 kamar kowa. Wa zan bi, murfin ko mai juye?
Daga wani malamin makaranta, Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bi murfin. Wanda ya ƙera injin ne ya rubuta shi, kuma shi ya san faɗin ƙofofin da man zai bi.

Lambobin nan biyu kaurin man suke nunawa a yanayi biyu. Ta farko, mai haɗe da W, tana faɗin yadda man yake gudu bayan injin ya kwana ya huce: ƙaramar lamba, saurin gudu. Ta biyun kuma kaurinsa ce idan ya kai digiri 100 a ma'aunin salshiyos. A nan lissafin mai juye ya kuskure. Baƙin mai a zafin injin yake aiki, ba a zafin gari ba, kuma injin mai lafiya yana riƙe man ne a tsakanin digiri 90 zuwa 110, ko a Kano cikin Afrilu ko a Jos cikin Disamba. Digiri 41 ko 42 da muke kuka da shi a bazara bai kai rabin abin da man yake sha kullum ba. Irin Corollar nan taka an sayar da ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ke haura 40 wata da watanni, kuma 5W-30 ɗin nan dai aka rubuta mata.

To me zai faru in an zuba mai kauri? Ba rana ɗaya injin zai buga ba, shi ya sa mutane ba sa yarda. A hankali ɓarnar take tafiya. Injin motarka yana da na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawuloli, wadda ƙarfin baƙin mai ne ke juya ta, ta wasu 'yan ƙofofi da wata 'yar rariya da ba ta kai ɗan yatsa girma ba. Mai kauri yana jinkirin isa can, musamman da asubar hunturu, lokacin da sanyin Kano ke sauka ƙasa da digiri 15. Sakan biyu ko ukun da za ka ji injin yana kaf-kaf-kaf kafin ya daidaita, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a saman injin, man bai iso ba tukuna. Ga ƙarin shan fetur. Wani lokaci har fitilar injin ta kama a dashbod, a yi ta canza fulogi da koyil a banza.

Amma kada a ci haƙƙin masu juye. Da yawansu a kan Fijo 504 da 505 da tsofaffin bas-bas suka koyi sana'ar, injinan da aka yi su da sarari tsakanin ƙarafansu, su kuwa har gobe 20W-50 ya karɓe su. Laifin shi ne ɗauko dokar waccan mota a ɗora wa ta yau. Idan injinka ya tsufa har ya fara rage mai tsakanin juye da juye, ana iya hawa mataki ɗaya, 5W-40 ko 10W-40. Tsalle daga 30 zuwa 50 kam ɓoye ciwo ne kawai.

Akwai rubutu na biyu a jikin galan da yawancin masu saye ba sa dubawa: API, sai haruffa biyu masu nuna matakin ingancin man. Na injin fetur da S suke farawa. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma na baya-bayan nan yana tsayawa a madadin wanda ya riga shi. Motarka daga SL zuwa sama take so, kusan lita 4 tare da filta. Galan da ka ga an rubuta masa SAE 40 kawai, ko SF, bar wa tsohuwar akori-kura. Honda Accord 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, 5W-20 aka rubuta mata, lita 4.2. Camry daga 2012 zuwa 2017 0W-20. Masu dizal kuwa nasu da C yake farawa, kuma yawancin Hilux da Hiace masu dizal da ke nan 15W-40 mai CH-4 ko CI-4 suke so.

TAMBAYA: Motata ba ta zuwa ko'ina, daga kai yara makaranta sai kasuwar Rimi, sai gidan biki jifa-jifa. Direbana yana cewa duk wata a yi juye saboda man ya yi baƙi. Maigidana kuma ya ce tunda ba ta doguwar tafiya, ko shekara za ta iya yi. Wanne ne daidai?
Daga wata Hajiya, Rijiyar Zaki.

AMSA: Hajiya, duk su biyun sun wuce gona da iri, kowa ta nasa ɓangaren. Baƙin da mai yake yi ba shaidar mutuwarsa ba ce. Mai na kirki akwai sinadarin wanki a cikinsa, aikinsa ya kwashe dauɗar ƙonewar fetur ya riƙe ta har ranar juye. Man da ya yi wata uku a tsohon injin yana nan garau, shi ne ma abin tuhuma, don dauɗar tana can ta kwanta a ciki.

Ita kuma gajeriyar tafiya ta fi doguwa wahalar da mai. Duk tashin da aka yi wa injin mai sanyi, ɗan tururin ruwa da ɗan fetur suna sulalewa cikin man, kuma ba sa fita sai man ya yi zafi sosai na kamar minti 20 zuwa 30. Motar da ake tafiyar minti 10 da ita a kashe, tara su take yi. Ki haɗa da tsayuwa a cunkoson Ƙofar Mata ko Bata da AC a kunne, injin yana aiki amma mita ba ta ƙirga komai, ga kuma ƙurar hunturu. Littattafan motoci jadawali biyu suke bayarwa, na tuƙin sauƙi da na tuƙin wahala, kuma duk motar da ke zirga-zirga a cikin birnin Kano tana cikin na biyun.

Ƙa'idar da muke bayarwa ita ce: mai na gama-gari kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, sintetik na gaske yana kaiwa kilomita 8,000. A irin tuƙinki watanni ne za su riga cika, wato juye biyu a shekara. A kula da abu ɗaya: motocin Amurka da mil mitarsu take ƙirge. Mil 3,000 kusan kilomita 4,800 ne, don haka wanda ya jira mitar ta ƙara 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000 bai sani ba.

Ranar juye, wanda kika aika ya tsaya a kan aikin. Injin ya kasance da ɗumi don man ya yi gudu. A kwance notin ƙasa, sufana 14 a yawancin Toyota, 17 a Honda, a bar man ya tsiyaye har ya koma ɗiga. A sa wa notin sabuwar wosha, domin tsohuwar ta riga ta matse, ita ce take sa yaron gareji ya ɗaure da ƙarfin tsiya har ya cinye zaren kaskon mai. Filta a canza ta duk juye. In an cire tsohuwar, a duba ko robarta ta manne a jikin injin, don roba biyu in suka hau kan juna man zai feso a kan titi. A shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu, in ta taɓa jiki a ƙara mata kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan. Bayan an zuba mai a tayar da injin minti biyu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira minti 5. Sannan a zaro sandar awo, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu, kusa da ta sama. Kada a juye galan mai lita 5 kaf a injin mai cin 4 wai don kada a yi asara. In mai ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe, kuma sil-sil su fara yoyo. Sauran litar a ajiye ta a but don ciko.

Ki kuma gaya wa direba: jar fitilar nan mai siffar buta ba tunin juye take yi ba. In ta kama ana tafiya, ƙarfin mai ne ya faɗi, sai a gangara gefe a kashe injin nan take.

TAMBAYA: Ta yaya zan gane jabun baƙin mai? Ana cewa a murza shi tsakanin yatsu, in ya yi yauƙi mai kyau ne.
Daga wani Alhaji, ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

AMSA: Ranka ya daɗe, yatsa ba ya gane komai a wannan harka. Jabun ma yana yauƙi, wani har ya fi na gaske. Abin da ya raba su sinadarai ne da ido ba ya gani, masu wanki, masu hana tsatsa, masu hana kumfa, masu hana man tsinkewa in ya ji wuta, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mai na kirki su ne. Wani jabun ɗanyen mai ne wanda masana'antu ke saye don su haɗa, aka ɗura shi haka nan babu haɗi. Wani tsohon man juye ne aka tace aka gyara masa launi. Mafi wuyar ganewa shi ne galan na gaske da murfi sabo, amma cikinsa ɗaya daga waɗancan biyun. Shi ya sa galan ɗin da babu komai a ciki yake da masu saye.

Kariyar tana wurin saye. Total, Mobil, Conoil, ko Ammasco da ake haɗawa a nan Kano, duk suna da mai na kirki, kuma duk wanda ya yi suna ana iya kwaikwayonsa. A saya a gidan man kamfanin ko wurin dilansa sananne. A duba zoben murfi bai tsinke ba, a duba lambar rukuni da ranar haɗawa da aka buga a jiki, in ɗan gida ne a nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kaya. In farashi ya sauka ƙasa da na dila sosai, kai ɗan kasuwa ne, ka san babu mai sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro sai da dalili. A fasa galan a gabanka, a zuba a gabanka, ka tafi da galan ɗinka ko ka huda shi. Na awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗen duro a bakin titi, ko na gaske ne ƙura ta riga ta shiga.

Mai na gama-gari mai araha amma na gaske, ana juye shi a kan kari, ya fi sintetik mai tsada da ba a san asalinsa ba.

TAMBAYA: Ina da Accord 2005 otomatik. An ce man giyata ya ragu, aka ƙara mini wani jan mai lita biyu. Tun daga nan take bugawa in za ta canza giya. Wanda ya zuba ya ce man giya duk ɗaya ne tunda duk ja ne.
Daga wani ma'aikaci, Hotoro.

AMSA: Malam, jan nan rini ne aka zuba don a bambanta shi da baƙin mai in ya ɗiga a ƙasa, ba ya faɗin komai game da abin da ke ciki. A cikin giyabos ɗin otomatik akwai faya-fayan kuloci da ke kamawa da sakewa a cikin man, kuma kowane kamfani ya auna yawan santsin da nasa faya-fayan ke so. In santsin ya yi kaɗan su cafke da ƙarfi, bugun da kake ji ke nan. In ya yi yawa su riƙa sulɓewa, su yi zafi su ƙone. Abin da aka fi samu a shaguna Dexron III ne, kuma ba shi motarka take sha ba. Honda ATF-Z1 aka yi ta da shi, yanzu DW-1 ne ya maye gurbinsa. Lita biyu a matsayin ciko kuma ta yi yawa: ko dai akwai yoyon da ba a nemo ba, ko an cika ya wuce kima.

Gyaran ba wuya in an yi shi da wuri. Giyabos ɗin tana ɗaukar wajen lita 6 da rabi, amma in an kwance notin ƙasa kusan lita 3 kaɗai ke fita, sauran yana maƙale a ciki. Don haka sau uku ake yi: a zubar, a auna abin da ya fita, a mayar da daidai shi na DW-1, a yi tafiya ta shiga duk giyoyinta, a sake. Zagaye uku yana fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na gaurayen. A kan notin akwai maganaɗisu. In ka ga ɗan laushin toka-toka a jikinsa, wannan al'ada ce, a goge. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, mai kaɗai ba zai warkar da ita ba. Kada a yarda a haɗa ta da injin wanko mai tura mai da ƙarfi, musamman giyar da ta daɗe ba a taɓa ta ba, yana tayar da dauɗar da ta kwanta ya cusa ta cikin bawuloli.

Awon ma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ake yawan rikicewa. A Honda irin taka, mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidaito, a kashe injin, a zaro sandar mai rawayan hannu cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A Toyota mai sanda kuwa injin yana aiki ake aunawa, giya tana P. Wanda ya auna Honda da salon Toyota, ko Toyota da salon Honda, amsar ƙarya zai samu. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙaurin ƙuna, faya-fayai sun fara cinyewa.

Don amfanin sauran masu karatu: Corolla 2003 zuwa 2008 da Camry 2002 zuwa 2006 T-IV suke sha, Camry daga 2007 kuma WS. Sababbi da yawa ba su da sanda ma, ta wani noti ake auna su a zafin kusan digiri 40, aikin wanda ke da kwamfutar gwaji ne. Giyar CVT, mai bel ɗin ƙarfe maimakon haƙora, ita ce ba ta yafiya sam: Nissan NS-2 ko NS-3, Accord mai silinda huɗu daga 2013 HCF-2, Corolla daga 2014 nata na CVT. Zuba mata jan mai na gama-gari hanyar Ƙofar Ruwa ce, neman giyabos ta Beljiyam. A tuƙin Kano, canji duk kilomita 40,000 zuwa 60,000 ya yi daidai.

Masu manuwal su ma su duba jikin robar. Yawancin giyabos ɗin manuwal GL-4 suke so, irin su 75W-90 ko 75W-80. GL-5 na aksul ne, sinadarin da ke cikinsa yana iya cin zobunan tagullar da ke sa giya ta shiga a sauƙaƙe.

TAMBAYA: Ina jigila Kano zuwa Kaduna da Sharon. Ruwan leda nake zuba wa lagireto. Bakanikena ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, amma ruwan kullum ja yake kamar tsatsa, yana kuma raguwa. Kulan ba don ƙasar ƙanƙara aka yi shi ba?
Daga wani direba, tashar Unguwa Uku.

AMSA: Sannu da hanya, direba. Hana daskarewa ɗaya ne daga ayyukan kulan, kuma shi kaɗai ne bai dame mu ba. Babban aikinsa a nan hana tsatsa ne. Jan da kake gani jikin injinka ne yake narkewa a hankali. Ruwa zalla yana cin fuka-fukan famfon ruwa, yana cin alminiyon kan injin, ruwan burtsatse da na rijiya kuma suna barin farin gishiri da ke toshe siraran bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma tafasa. Kano tana kan tudu kusan mita 500 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98. Haɗin rabi kulan rabi ruwa yana kai shi kusan 107, murfi mai riƙe iska kuma ya ɗaga shi sama da 120. Ka ga ashe murfin ma babban ma'aikaci ne. A Sharon yana kan robar ruwan nan ne, in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa fita a matsayin tururi ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

Cire tamostat kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. Aikinsa ya riƙe ruwa a injin har ya kai digiri 80 da wani abu, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In babu shi, da safe a kan babban titi injin ba ya kaiwa zafinsa, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Aljihunka ya ji, rarar fetur ɗin kuma ta wanke bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta ciki, in an cire shi wani kason ruwan ya riƙa zagaye ba ya bi ta lagireto. Fanka kai tsaye ita ma ba ta ƙara komai in kana gudun 100, iskar hanya ta fi ta ƙarfi, sai dai ta ƙone kafin lokacinta. Motar da ke ɗaukar zafi tana da dalili: toshewar lagireto, mutuwar murfi, cinyewar famfo, na'urar kunna fanka, ko gasket. Shi ya kamata a nemo.

Injin yana sanyi, a zubar da ruwan, a yi ta ɗauraya har ya fito fari. A mayar da sabon tamostat da sabon murfi, a mayar da fanka kan layinta. A karanta jikin galan: wani kulan an riga an haɗa shi, ba a ƙara masa ruwa, wani kuma sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, wato ruwan batir marar asid. A kunna hita zuwa ƙarshen zafi lokacin cikawa don iska ta fita, a sake duba ma'aunin washegari. Motarka G12 take so. Toyota tana da ja wanda ake haɗa shi da ruwa, da kuma mai ruwan hoda wanda aka riga aka haɗa, Honda shuɗi, amma launi ba hujja ba ne, akwai ruwan rini zalla a kasuwa. Koren kulan na gama-gari duk shekara biyu ake canza shi.

Kafin ka kashe kuɗin nan, buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa. In ka ga abu kamar shayi mai madara, ko farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan injin ya yi zafi, mai yiwuwa gasket ɗin kan injin ya riga ya ƙone. Kada a buɗe murfin ruwa injin yana zafi. Kulan kuma guba ne mai zaƙi, kada a zuba ragowarsa a robar lemo, kada a zubar inda yara ko awaki za su kai baki.

TAMBAYA: Man birkina ya sauka kusa da alamar MIN. Murfin ya ce DOT 4, ni kuma DOT 3 na samu. Abokina ya ce ko ruwan omo aka zuba yana yi.
Daga wani ɗalibi, Kabuga.

AMSA: Ɗan'uwa, tukuna, me ya saukar da shi? Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. In a hankali ya sauka cikin watanni, fad ne suka cinye, man ya bi fistocin ƙafa. In ka cika shi maƙil yanzu, ranar da aka sa sababbin fad zai amayo, kuma yana cin fenti. In cikin kwanaki ya sauka, yoyo ne: a duba bayan tayoyi huɗu, tiyo-tiyon roba da bayan masta, kada motar ta hau titi sai an samo shi.

DOT 3 da DOT 4 suna gaurayuwa, bambancinsu jure zafi ne. Sabon DOT 3 yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230. Motar da aka rubuta wa 3 za ta sha 4, wadda aka rubuta wa 4 kada a sauko da ita. DOT 5 wani jinsi ne daban, ba ya haɗuwa da su. Halin man birki shi ne yana zuƙar danshin iska. In ya sha ruwa, DOT 4 ɗin nan yana iya tafasa a 155, kuma birkin da ake ta taka shi da lodi yana kai wannan zafin. Da ya tafasa tururi ya cika layi, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Daga nan ka gane amsar abokinka: ruwan omo zai riƙe birki a tsakar gida, ya sake ka a titi, ya kuma bar tsatsa a masta da na'urar ABS. Baƙin mai ko man giya ma kada ɗigo ya shiga, kumbura robobin yake yi.

Duk shekara biyu a canza shi gaba ɗaya, kusan lita ɗaya ta isa. Ana fitar da tsohon ta ɗan notin kowace ƙafa har sabo ya fito garau babu kumfa, ana cika robar sama kada ta ƙafe ta ja iska. A sayi ƙaramar roba a rufe. Wadda aka fasa ta kwana wata shida a but ta riga ta sha danshi.

TAMBAYA: Sitiyarin Honda tawa yana kuka in na juya shi. An ce in zuba jan man giya.
Daga wata ma'aikaciyar asibiti, Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Malama, a Toyota mai famfon sitiyari wannan shawara daidai ce, Dexron take sha. A Honda a'a, tana da nata man sitiyarin, jan man giya yana lalata mata sil. Kukan kuma sau da yawa iska ce famfon yake ja ta wata 'yar zoben roba a bakinsa, in kin ga kumfa a robar man, ita za a fara canzawa. Corolla daga 2009 da Accord daga 2013 sitiyarinsu na lantarki ne, babu man da za a zuba musu.

TAMBAYA: Maigidana ya ba ni ragowar sintetik 5W-30 na motarsa na zuba a Adaidaita Sahu. Yanzu in na ɗau fasinja injin yana ihu amma ba ta ja.
Daga wani matuƙin Adaidaita, Kurna.

AMSA: Kulocinka ne yake sulɓewa, ɗan'uwa. A Adaidaita da babur faya-fayan kuloci a cikin baƙin man suke wanka, man ƙananan motoci na zamani kuma an ƙara masa sinadarin santsi don rage shan fetur. Ka juye shi yau, ka zuba mai 4T wanda aka rubuta JASO MA ko MA2, mai kaurin da littafin mashin ɗin ya ce, yawanci 20W-50. In an yi da wuri kuloci yakan dawo. In bayan juye ɗaya ko biyu yana nan yana sulɓewa, faya-fayan sun ƙone, sai sababbi.

TAMBAYA: Camry 2008 gare ni mai silinda huɗu, tana shan baƙin mai. Wani ya ce a wanke injin da dizal, wani ya ce a zuba tiritmen mai kauri.
Daga wani dattijo, Yakasai.

AMSA: Baba, kada garin neman gira a rasa ido. Dizal ko kananzir ba sa riƙe ƙarfe, minti kaɗan injin ya yi da su metal ya ji jiki, dauɗar da suka ɓamɓaro kuma ta toshe rariyar famfon mai. Tiritmen yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ƙofofin VVT-i da muka ambata a sama ba sa son sa. Injin 2.4 na Camry 2007 zuwa 2009 an san shi da wannan hali, ringin da ke share mai daga bangon silinda ne yake toshewa. A fara da masu sauƙi: a duba yoyo a murfin saman injin da sil, a canza bawul ɗin PCV, ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin injin. Sannan a auna, a cika zuwa alamar sama, a rubuta mita, a duba bayan kilomita 1,000. In tana shan lita ɗaya a ƙasa da kilomita 2,000, aikin ringi da fistoci ne. In ba ta kai haka ba, a zuba 5W-30 ko 5W-40 na gaske, a zaro sanda duk Juma'a, a ajiye lita ɗaya a but.